Badujalar Ma'aikatan Gari

A littafin sito an rubuta: "Tarkacen tagulla, na gwanjo."
Tanimu mai sito ya goge layin da yawu,
ya ɓalle akwatin,
gafiya ta fice ta bakin babban bututu
ta bar 'ya'ya uku a ciki.
Nan tarihinmu ya soma. Ba wanda ya yanka ƙyalle.

Mu tara ne.
Ishaya na Wusasa, mai gyaran famfo,
shi kaɗai ya iya karanta baƙaƙen ɗigon nan masu wutsiya;
a majami'a ya koya, a bayan gareji ya koyar.
Jatau duba-gari, wanda matan Kwarbai
kan kifar da randa in sun hango hularsa,
ya ɗauki begila.
Ɗantala direban motar shara ya rungumi ganga.
Ni masinja ne, keke ya buɗe mini ƙirji,
aka ce: kai ne magajin gafiya.

Bayan La'asar, a gindin ɗorawa,
muna hura iska tana fita a karkace,
jakunan masu yashi na amsa mana daga Kubanni.
Laraba mai tafireta ta riƙe rajista:
wanda ya makara, sule biyu.
Da sulallan makara aka ɗinka mana riguna,
rabinsu daga aljihun Jatau.

Fitarmu ta farko, buɗe famfon Tudun Jukun.
Shugaba ya murɗa kan famfo,
iska ta fito da shewa,
ta ma fi mu dacewa da murya.
Ishaya ya ajiye ƙahonsa, ya zaro sifana,
ya ce, "Kada ku tsaya."
Waƙa ɗaya muka iya. Sau goma sha ɗaya muka maimaita
kafin ruwa ya zo, ja wur, yara na tafi.
Har yau ban san wa suka tafa wa ba.

Shekarar da albashi ya yi wata bakwai a hanya
mun busa a bukukuwa don kwanon shinkafa.
Ɗantala ya ce ai ganga ma don cikinta wofi take amo.

Sai aka raba ƙaramar hukuma.
Kwamiti ya zauna rabon kadara:
ganga ta faɗa Sabon Gari, sandarta ta tsaya Birni.
Kowace Alhamis Ɗantala kan ƙetare gada
da takardar aro mai hatimi biyu,
don fata ta gaisa da icce.
Shekara shida yana haka.

Ranar da Jatau ya cika ba a busa komai ba,
ba a yi wa gawa kiɗa.
Amma da muka saɓa makara zuwa Ƙofar Kuyambana
na dubi ƙasa:
hagu, dama, hagu,
ƙafafunmu sun ƙi mantawa.
Na Ishaya kuwa mun busa, mu huɗu, a bakin ƙofar majami'a,
ba mai ƙirga mana ɗaya, biyu,
kowa ya shiga lokacin da kuka ya sake shi.

Yanzu in ana taro sifika ake haya,
yaro ɗaya da waya ya maye mu tara.
Ban ƙi ba. Ba ya makara, ba ya tari.

Jiya a layin fansho
akawu na buga hatimi, dum, dum, dum,
na tsinci kaina ina jan numfashi don in shiga a na huɗu.
Na ratsa ta sito.
Sabon mai sito ya duba kwamfuta ya ce,
"Baba, tarkacen tagulla ne, na gwanjo."
Na ce, wane ne ubanka?
Ya ce, jikan Tanimu ne shi.
Na ce, to miƙo mabuɗi,
ka kuma tara yawu.